Filin Amsa Tambayoyi: Yadda igiyoyin maganaɗisu masu jinkirin bugu ke isowa ƙasa daga sararin samaniya

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk kan batu ɗaya suke, wato ƙananan girgizar da ma'aunin maganaɗisu ke nunawa a doron ƙasa alhali tushenta yana can nesa, dubban kilomitoci sama da kawunanmu. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya daga wani malamin kimiyya a makarantar sakandare: Na ga an rubuta cewa maganaɗisun Duniya yana "bugawa" a hankali. Mene ne wannan bugu, kuma yaya girmansa yake?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Duniya tana da fagen maganaɗisu da ya kewaye ta, wanda masana ke kira magnetosfiya. Ta ɓangaren da ke fuskantar rana, iyakarsa tana kusan kilomita 64,000 daga tsakiyar Duniya, wato ninki goma na nisan tsakiyar zuwa doron ƙasa. Ta ɓangaren dare kuwa ya miƙe ya yi dogon wutsiya. Wannan fage ba ya zama shiru. Kullum akwai igiyoyi da ke kai da komowa a cikinsa, kuma masu jinkirin bugu daga cikinsu su ne batunmu: bugu ɗaya kan ɗauki daga kashi ɗaya cikin biyar na sakan har zuwa minti goma. A kwatanta da wutar gida, mai juyawa sau 50 ko 60 a sakan guda.

A 1964 aka daidaita sunayensu bisa tsawon bugu. Masu zuwa a jere ba yankewa ana yi musu laƙabi da Pc: Pc1 daga sakan 0.2 zuwa 5, Pc2 daga 5 zuwa 10, Pc3 daga 10 zuwa 45, Pc4 daga 45 zuwa 150, Pc5 daga 150 zuwa 600. Masu zuwa a hargitse su mutu da wuri su ne Pi1, daga sakan 1 zuwa 40, da Pi2, daga 40 zuwa 150.

Girmansu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfin maganaɗisun Duniya a doron ƙasa, a ma'aunin da ake kira nanotesla, yana tsakanin 25,000 da 65,000, gwargwadon wuri. Pc5 mai ƙarfi a yankunan can arewa kan kai gommai ko ɗaruruwan nanotesla. Pc3 a tsaka-tsakin Duniya da ƙyar ya wuce nanotesla ɗaya ko biyu. Pc1 kuwa galibi bai ma kai ɗaya ba. Duk da haka an daɗe da lura da su. A 1741 Anders Celsius da Olof Hiorter sun ga allurar kamfas tana motsi a Uppsala ta ƙasar Suwidin duk lokacin da orora, wato hasken da ke wasa a sama da dare a yankunan can arewa da can kudu, ya bayyana. A 1861 Balfour Stewart ya bayyana irin wannan bugu a rubutun na'urorin Kew, kusa da Landan, na babbar guguwar maganaɗisu ta 1859.

Tambaya daga wata ɗaliba a jami'a: Babu iska a sararin samaniya. To, me igiyar ke bi, kuma wa ke tayar da ita?

Amsa: Malama, sararin ba fanko ba ne. Akwai filasma a cikinsa, wato gas ɗin da ƙwayoyinsa suka rabu zuwa ilektoron da ayon, ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki. Siriri ne matuƙa, wani wuri ƙwaya ɗaya ko goma kacal a kowane kubik santimita, amma yana ɗaukar lantarki sosai, kuma a manne yake da layukan maganaɗisu. Idan filasma ya motsa, layin ya bi shi. Idan layin ya lanƙwashe, sai ya nemi miƙewa ya jawo filasman. Hannes Alfvén ne ya nuna a 1942 cewa wannan ja-in-ja yana haifar da igiya, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1970. Gudunta yana ƙaruwa da ƙarfin maganaɗisu, yana raguwa da nauyin filasma. A yawancin magnetosfiya yakan kama daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubban kilomita a sakan.

Iri biyu ne suka fi muhimmanci a nan, kuma wanda bai bambance su ba zai ruɗe a gaba. Ta farko, igiyar Alfvén, tana kaɗa layin gefe da gefe, kuma ƙarfinta ba ya barin layin da ta hau. Ta biyu igiyar matsi ce: tana matse layukan tana sakinsu, tana kuma iya ratsa su ta kowace fuska.

Masu tayar da su da yawa daga waje suke. Iskar rana, wato filasman da rana ke fesowa da gudun kilomita 300 zuwa 800 a sakan, tana shafar gefen magnetosfiya ta sa iyakar ta riƙa kaɗawa, musamman ta ɓangaren asuba da na magariba. Wannan babban tushen Pc5 ne, kuma yana ƙaruwa idan iskar ta yi sauri. Canjin matsin iskar farat ɗaya shi ma yana girgiza fagen baki ɗaya. Pc3 na rana kuwa tun kafin a shigo magnetosfiya ake haifarsa, inda furoton da suka yi tsalle baya daga bangon karo na gaba, wurin da iskar rana ke fara cin birki a gaban magnetosfiya, ke cakuɗa da iskar da ke tahowa. Valeria Troitskaya da abokan aikinta sun gano a farkon shekarun 1970 cewa saurin bugunsa yana bin ƙarfin maganaɗisun da ke cikin iskar rana: a ninka nanotesla da shida, a sami bugu nawa ne a sakan dubu. Idan ƙarfin nanotesla 5 ne, bugu 30 ke nan a sakan dubu, wato kowane bugu kusan sakan 33. Akwai kuma na cikin gida, waɗanda ayon masu zafi da ke kewaya Duniya ke tayarwa, da Pi2 da ke fitowa tsakar dare lokacin da wutsiyar ta saki ƙarfin da ta tara.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ban sha'awa. Kowane layin maganaɗisu a rufe yana da ƙafa biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, kamar tsirkiyar da aka ɗaure bakinta biyu, don haka yana da nasa bugun da ya fi karɓa. James Dungey ne ya kawo wannan tunani a 1954. Ɗauki layin da ke ratsa inda taurarin ɗan'adam masu tsayuwa wuri ɗaya ke zama, kilomita 35,786 sama da ikwaita. Ƙafafunsa suna sauka a kusan digiri 67 arewa da kudu da ikwaitan maganaɗisu, tsawonsa kuma kusan kilomita 100,000 ne. Igiya mai gudun kilomita 1,000 a sakan za ta je ta dawo cikin sakan 200, wato Pc5. Layin da ke sauka a digiri 45 gajere ne, bugunsa 'yan gomman sakan. Igiyar matsi tana shigowa daga iyaka tana ratsa layi bayan layi, har ta iske wanda bugunsa ya yi daidai da nata, sai ta zuba masa ƙarfinta ya koma igiyar Alfvén ya gangaro. David Southwood, da kuma Liu Chen da Akira Hasegawa, su suka warware lissafin wannan a 1974.

Tambaya daga wani ma'aikacin gidan rediyo: Mun san ayonosfiya, wato sashen iskar can sama mai ɗaukar lantarki, tana mayar da gajeren zangon rediyo ƙasa. Ta yaya waɗannan igiyoyi ke ratsa ta daga sama har su iso mana?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsar da aka saba bayarwa, cewa "suna ratsowa", tana ɓatar da mutum. Igiyar Alfvén ba ta isowa ƙasa. Filasma take bukata, iskar da ke ƙasa da kusan kilomita 60 kuwa kusan ba ta ɗaukar lantarki ko kaɗan. Kada kuma a ɗauka rikiɗa take ta zama igiyar rediyo ta sauko. Igiyar rediyo mai bugun sakan 100 tsawon zangonta kilomita miliyan 30 ne, alhali tazarar ƙasa da ayonosfiya kusan kilomita 110 ce. Babu wurin da za ta yi tafiya. Abin da na'ura ke gani a ƙasa maganaɗisun wutar lantarkin da igiyar ta kunna a ayonosfiya ne. Duk sauran bayanin daga nan yake fitowa.

Mu bi shi daki-daki. Igiyar tana gangarowa da fagen lantarkinta har ta iso tsayin kilomita 100 zuwa 130. A nan iska ta yi kauri har ayon suna yawan karo da ƙwayoyinta, amma ilektoron ba su cika karo ba tukuna. Sakamakon haka wuta iri biyu ke gudana. Wutar Pedersen, wadda ta fi ƙarfi wajen kilomita 125, tana bin fuskar fagen lantarkin. Ayon ne ke ɗauke da ita, kuma ita ke cin ƙarfin igiyar ta mayar da shi zafi. Wutar Hall, wadda ta fi ƙarfi wajen kilomita 105 zuwa 110, tana gudana a gicciye, kusurwar digiri 90 daga fagen lantarkin, saboda ilektoron suna zamewa gefe yayin da iska ta riƙe ayon.

Nawa ne ke komawa sama? Ana kwatanta iya ɗaukar wutar ayonosfiya da na igiyar kanta, duka a ma'aunin simens. Igiya mai gudun kilomita 1,000 a sakan tana da kusan 0.8. Da rana Pedersen kan kai 10. A ɗebe ƙaramin daga babban, a raba da jimlarsu: 9.2 bisa 10.8, wato 0.85. Ke nan kashi 85 cikin 100 na girman igiyar ke komawa, ko kusan kashi 72 na ƙarfinta. Shi ya sa layi ke iya yin bugu da dama da rana kafin ya yi shiru. Da dare, a wurin da babu orora, Pedersen kan faɗi ƙasa da 1, ya yi kusan daidai da na igiyar, sai ayonosfiya ta shanye ta cikin bugu kaɗan.

Sai batun juyawa. Wutar da ke gangarowa tare da layi da wutar Pedersen da ke rufe zagayenta, maganaɗisunsu yana kashe juna a ƙarƙashin ayonosfiya, muddin layin a tsaye yake kuma iya ɗaukar wutar bai bambanta daga wuri zuwa wuri ba. Naoshi Fukushima ne ya tabbatar da haka. Abin da ya rage wa na ƙasa shi ne na wutar Hall kaɗai, ita kuwa a gicciye take. Don haka igiyar da tauraron ɗan'adam ya gani tana kaɗawa gabas da yamma, a ƙasa arewa da kudu za a gan ta. Hughes da Southwood sun fayyace wannan a 1976. Girman abin da ke isowa yana bin rabon Hall da Pedersen, kuma juyin ba ya cika digiri 90 a inda iya ɗaukar wuta ke canjawa da sauri, kamar layin fitowar rana ko bakin orora. Mai nazari da ya manta da wannan zai ɗauki igiya iri ɗaya a matsayin wata.

Na ƙarshe shi ne tacewa, kuma a ganinmu shi aka fi yin sakaci da shi. Idan wutar da ke sama ta kasu layi-layi, wannan na tafiya gabas na kusa da shi na tafiya yamma, daga nesa maganaɗisunsu yana cinye juna. Idan faɗin zango ɗaya a ayonosfiya kilomita 1,000 ne, kusan rabin girman ke isowa ƙasa. Idan 300 ne, kashi ɗaya cikin goma. Idan 100 ne, ɗaya cikin dubu. A digiri 67 kewayen Duniya kusan kilomita 15,600 ne. Igiyar da iskar rana ta tayar, mai zango biyar a kewayen, kowane zangonta ya haura kilomita 3,000, kusan kashi 80 cikin 100 na isowa. Wadda ayon masu zafi suka tayar, mai zango ɗari, kowane zango kilomita 156 ne, abin da ke isowa kusan kashi ɗaya cikin 100 ne kawai. Tauraro zai ga igiya mai ƙarfi na sa'o'i, tashar da ke ƙasan layin ba ta ga komai ba, kuma babu na'urar da ta lalace. Irin waɗannan sai da rada ko taurari irin su THEMIS na 2007, Van Allen na 2012 (waɗanda suka daina aiki a 2019) da Swarm na 2013 ake kama su.

Tambaya daga wani mai karatu: Ko'ina a Duniya ake ganinsu daidai?

Amsa: A'a, malam. Sun fi ƙarfi a yankin orora, wajen digiri 65 zuwa 70 na maganaɗisu, inda dogayen layuka ke sauka. Idan aka jera tashoshi daga kudu zuwa arewa, za a ga girman bugun ya yi tsini a wuri ɗaya, kuma tashar da ke arewa da tsinin tana sauka lokacin da ta kudu ke hawa, bambancin rabin bugu. Da wannan ake gano bugun kowane layi, daga nan a lissafa nauyin filasman da ke can sama ba tare da an aika tauraro ba. Wajen digiri 60 akwai iyakar da filasma ke yin kauri farat ɗaya ta ciki, gudun igiya ya faɗi, tsawon bugu ya yi tsalle.

Kusa da ikwaitan maganaɗisu lamarin daban ne. Layuka a kwance suke, gajeru ne, yawancin tsawonsu a cikin ayonosfiya yake, don haka ba sa riƙe bugu. Abin da ke zuwa nan igiyar matsi ce kai tsaye daga sama, da kuma fagen lantarki da ke bazuwa daga yankunan orora ta tsakanin ƙasa da ayonosfiya kusan nan take. Da rana akwai wani ɗan siririn yanki, kamar digiri uku kowane gefe, inda iya ɗaukar wuta gabas da yamma ya ninka sosai a tsayin kusan kilomita 105. Tashar Huancayo ta ƙasar Feru, da ta fara aiki a 1922, ita ta fara nuna alamarsa, Sydney Chapman kuma ya raɗa wa wutar da ke gudana a wannan yanki suna a 1951. A ƙarƙashin wannan yanki igiyoyi masu dogon bugu kan fito da girma fiye da na tashoshin da ke 'yan ɗaruruwan kilomita arewa ko kudu.

Pc1 yana da tasa hanyar. A tsayin kilomita 250 zuwa 400, inda ayon suka fi cunkoso, gudun igiya ya fi raguwa, sai wurin ya zama mazurari. Pc1 da ya sauka a arewa kan shiga nan ya yi tafiyar dubban kilomita a kwance, yana yoyo ƙasa a hanya, kuma ya fi nisa da dare. Saboda haka ganin Pc1 a tasha ba ya nufin layin da ke samanta ne ya kawo shi.

Tambaya daga wani injiniyan wutar lantarki: Idan sun iso ƙasa, ina suke ƙarewa? Suna da haɗari ga layukanmu?

Amsa: Injiniya, ƙasa tana ɗaukar lantarki, don haka maganaɗisu mai canjawa yana haifar da fagen lantarki a cikinta. Zurfin da yake kaiwa a mita shi ne 503 a ninka da tushen murabba'in abu biyu da aka ninka: juriyar ƙasa da tsawon bugu a sakan. Ga bugun sakan 200, a tsohon dutse mai juriyar om-mita 1,000 zai kai kusan kilomita 225. A ƙasa mai laka da gishiri mai juriya 10, kilomita 22. A ruwan teku bai kai 4 ba. Masu binciken ma'adinai da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa da wannan suke aiki, bisa hanyar da Tikhonov a 1950 da Cagniard a 1953 suka shimfiɗa.

Ga lissafin da ya shafe ka. Pc5 mai nanotesla 100 da bugun sakan 200 a kan wancan dutse yana ba da kusan rabin bolt a kowace kilomita. A layi mai tsawon kilomita 400, bolt 200 ke nan tsakanin ƙasan tiransifoma biyu. Idan juriyar zagayen duka om 5 ce, amfiya 40 za ta shiga ta wayar ƙasa. A kan laka, kashi ɗaya cikin goma na wannan za a samu. Bakin teku ya fi muni, domin wutar da ke gudana a ruwa tana cunkushewa a gaɓa.

Amfiya 40 ba komai ba ce a layin da ke ɗauke da ɗaruruwa, amma a wurin tiransifoma mai juyin 50 a sakan, wutar da ke ɗaukar minti uku kafin ta juya tamkar wutar batir ce. Tana tura ƙarfen ciki gefe ɗaya har ya ƙoshi a rabin kowane juyi. Daga nan sai ƙara, zafi a jikin tanki da maɗaurai, gurɓacewar wuta, faɗuwar bolt, da na'urorin kariya da ke yanke layi ba bisa ƙa'ida ba. A ranar 13 ga Maris 1989 wutar lardin Kebek na Kanada ta durƙushe cikin kusan sakan 90, mutane miliyan shida suka zauna ba wuta na kusan awa tara. A 30 ga Oktoba 2003 kusan masu amfani da wuta 50,000 suka rasa ta a Malmö ta Suwidin, bayan guguwar kuma an sami tiransifomomi da suka lalace a Afirka ta Kudu, wadda ke nesa da yankin orora. Waɗannan manyan guguwa ne masu canji farat ɗaya, ba bugu mai tsari kaɗai ba, amma hanyar shigar ɗaya ce, kuma Pc5 na bayan guguwa yakan daɗe sa'o'i yana gasa ƙarfen. Matakan kariya su ne auna wutar wayar ƙasa a kai a kai, sa kafasita a jere da dogayen layuka ko a wayar ƙasa, da rage wa manyan tiransifomomi lodi idan an yi gargaɗin guguwa.

Tambaya daga wata uwa: Suna iya sa ciwon kai ko hana barci?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Juya kai kawai a cikin maganaɗisun Duniya yana canja abin da ke ratsa jiki da dubban nanotesla, fiye da kowace irin wannan igiya. Na'urar hoton MRI ta asibiti mai tesla 1.5 kuwa nanotesla biliyan ɗaya da rabi ce. Ciwon kai da ya ƙi tafiya a kai shi ga likita.

Tambaya daga wani ɗalibin ilimin ƙasa: Gaskiya ne suna nuna girgizar ƙasa kafin ta zo?

Amsa: Har yau babu hanyar hasashen girgizar ƙasa da ta tabbata ta wannan fuska. Labarin da aka fi ambata na girgizar Loma Prieta ne a Kalifoniya, ranar 17 ga Oktoba 1989, inda na'urar Antony Fraser-Smith a Corralitos, kusan kilomita 7 daga cibiyar girgizar, ta nuna hauhawar sigina kafin aukuwar. Na'ura ɗaya ce tak, kuma masu sake nazari a 2009 sun kawo hujjar cewa matsalar na'urar ce. Wahalar a fili take: igiyoyin sama suna nan kullum, kuma ɓangarensu na tsaye yana canjawa da yanayin ƙasan wurin. Duk mai da'awar sigina daga ƙasa dole ya fara cire na sama ta hanyar kwatantawa da tasha mai nisa, ya kuma nuna sau nawa siginar ta fito ba a yi girgiza ba.

Tambaya daga wani malamin jami'a: Muna so mu kafa ƙaramar tasha don ɗalibai. Me muke bukata, kuma me ke ɓata awo?

Amsa: Malam, aiki ne mai yiwuwa, kuma wurin da aka zaɓa ya fi tsadar na'ura muhimmanci. Don Pc3 zuwa Pc5 da Pi2, ma'aunin maganaɗisu irin wanda ake kira fulasget, mai fuska uku, wanda ke iya bambance kashi ɗaya cikin goma na nanotesla ko ƙasa da haka, yana ɗaukar awo sau ɗaya a sakan, ya wadatar. Pc1 sai da naɗin waya a kan doguwar sandar ƙarfe, da awo aƙalla sau 20 a sakan.

A binne kan na'urar rabin mita zuwa mita ɗaya a ƙasa, a kan dakali marar rodi, domin zafin rana da sanyin dare suna jan awo. Kusoshi da akwati su zama tagulla, alminiyam ko roba, kuma a gwada kowane da na'urar kafin a ɗaura, don wani ƙarfen da ake sayarwa da sunan tagulla rufi ne kawai. A daidaita fuska ɗaya da arewar maganaɗisu ta hanyar juya na'urar har fuskar gabas ta nuna sifili. Batir da kwamfuta su zauna gomman mitoci nesa.

Abin da ya fi ɓata awo wutar batir ce. Waya ɗaya miƙaƙƙiya mai amfiya ɗaya tana ba da nanotesla 20 a nisan mita goma, ninki goma ko ashirin na Pc3 da ake nema. Wayar farantin sola da aka raba zuwa da dawowarta za ta zana wucewar kowane gajimare a rubutunku. A murɗe wayoyin biyu tare, su kashe juna. Mota ko ƙofar ƙarfe tasirinta yana raguwa da sauri, ninka nisa biyu yana rage shi zuwa ɗaya cikin takwas, amma jirgin ƙasa mai wutar batir ana jin sa daga gomman kilomitoci. Karkata ma matsala ce: inda ɓangaren tsaye ya kai nanotesla 40,000, karkatar kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri tana ba da kusan 0.2 na ƙarya, don haka a nisanci bishiyar da iska ke kaɗa saiwarta.

Akwai wani tarko da ke kama ko da ƙwararru. Idan ba a tace wutar gida kafin a mayar da sigina lambobi ba, kuma wutar tana juyin 50.03 maimakon 50, awon sau ɗaya a sakan zai nuna kyakkyawar igiya mai bugun sakan 33, wadda ba ta da maraba da Pc3 a ido. Matacin dole ya kasance kafin mai ɗaukar lambobin, don bayan an ɗauka babu lissafin da zai raba su. Agogo kuma ya kasance na GPS: kuskuren sakan ɗaya a igiyar sakan 30 digiri 12 ne, wanda ya isa ya lalata kwatancen tashoshi biyu.

Kafin ku yarda da kowace sigina, ku sauke awon sakan-sakan na tasha mafi kusa ta INTERMAGNET, haɗakar tashoshin awon maganaɗisu ta duniya, ku ɗora a kan naku. Igiyar gaske za ta bayyana a duka biyun a lokaci guda ko da akwai ɗaruruwan kilomita a tsakani, Pc3 zai yi ƙarfi da safe zuwa rana ya ragu da dare, Pi2 zai zo tsakar dare. Siginar da ke farawa ƙarfe takwas, ta tsaya lokacin tashi daga aiki, ta kuma ɓace ranar hutu, a nemi tushenta cikin harabar makarantar.